Zoɓo, Kunun Zaƙi ko Kunun Aya: Da Wanne Ya Kamata a Fara a Gida?

A Ingila tun 1963 doka ta bar mutum ya dafa giyarsa a gida ba tare da lasisi ba, a Amurka kuma Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a kan irin wannan doka a 1978. Can abin ya zama sha'awa kamar kiwon tantabara a wurinmu: mutum ya ware ɗaki, ya sayi kayan awo, ya riƙa gasa da abokansa. A Zamfara da Kebbi wannan ƙofa a rufe take. Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau a watan Oktoban 1999, Kebbi ta bi sahu a 2000, kuma tun kafin gwamnati ta sa baki addini ya riga ya yanke hukunci ga Musulmi. Amma sha'awar haɗa abin sha da hannunka tana nan, ta ma ƙaru tun da lemon kwalba ya yi tsada. Mata da yawa, har da samari, suna tambayar da wanne za su fara: zoɓo, kunun zaƙi ko kunun aya.

Yawanci da ɗanɗano ake amsa tambayar nan, ko da tsadar kayan haɗi. Ni a ganina abin da ya kamata a fara dubawa shi ne saurin lalacewar kowanne, da irin sanyin da mai haɗawa take da shi a gida. Duk ruwan da aka zuba wa zaƙi aka ajiye a zafin garinmu, hanyar da mai giya yake nema ita zai kama da kansa, ko an so ko ba a so. Mai giya yana taimaka wa wannan tafiya. Ke aikinki ki tsayar da ita, kuma cikin ukun nan wani ya fi wani wuyar tsayarwa nesa ba kusa ba.

Ga yadda abin yake. A cikin iska, da jikin ɓawon 'ya'yan itace, da jikin ƙwarya da muciya, akwai ƙwayoyin yis irin wanda ke tayar da ƙullin burodi da fanke. Idan suka sami sukari sai su cinye shi, su fitar da abu biyu: iska mai kumbura gora, da sinadarin da ke sa maye. Masu giyar inabi suna da lissafinsu, kimanin giram 17 na sukari a lita ɗaya yana ba da kashi 1 cikin 100 na barasa. Zoɓon da aka zaƙaƙa kamar lemon kwalba yana ɗauke da wajen giram 100 a lita. Da yis zai cinye shi duka, da an doshi kashi 6 cikin 100, wato ƙarfin giyar kwalba. Ba a dare ɗaya hakan ke faruwa ba, amma yis ya fi kuzari tsakanin digiri 25 da 35, kuma wannan shi ne zafin ɗakunanmu a yawancin shekara. A Maris da Afrilu kuwa Birnin Kebbi da Gusau kan kai digiri 40 da rana. Ban da yis akwai bakteriyar da ke kawo tsami irin na nono, wadda ba ta da illa, sannan akwai masu kawo gudawa da amai, waɗanda su ne abin tsoro na gaske.

Musulunci ya san wannan matsala tun farko. A Sahihu Muslim Ibn Abbas ya ruwaito cewa akan jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi a ruwa, ya sha a ranar, da washegari, har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage sai a bayar ko a zubar. An kuma hana jiƙa dabino da zabibi a haɗe, an hana yin tsimi a cikin duma da tulun da aka shafe da ƙaro, saboda abin da ke ciki yana saurin juyawa mai shi bai sani ba. Mafi yawan malamai suna ganin daga baya an sassauta hanin mazubi, amma Imamu Malik ya ci gaba da ƙin duma da mai ƙaro. Duk wadda ta taɓa lura da yadda nono ke saurin kamawa a tsohuwar ƙwarya ta san dalilin: ƙananan ramukan jikinta suna riƙe ƙwayoyin jiya, su shiga na yau. Ƙa'idar dai ita ce abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗansa ma haramun ne.

Zoɓo shi ne mafi sauƙin sarrafawa a cikinsu, kuma dalili biyu ne. Na farko tsaminsa. Furen yakuwa yana da asid mai ƙarfi, kusa da na lemon tsami, kuma yawancin ƙwayoyin da ke kawo ciwon ciki ba sa iya hayayyafa a irin wannan ruwa. Na biyu, dafa shi ake yi. Yawancin ƙwayoyin da ke jikin furen, da ƙurar kasuwa, da cikin ruwan rijiya, wuta ta kashe su. Daga lokacin da kika sauke tukunya, abin da zai ɓata miki zoɓo daga hannunki zai fito, ko daga mataci, ko daga gora, ko daga ruwan da kika ƙara.

A nan ne mutane suke rushe kariyar da kansu. Wasu suna jefa kanwa don a kashe tsami a rage sukari. Kanwa tana kashe tsamin kuwa, tana kuma mayar da jan ya yi duhu, amma tsamin nan shi ne mai gadin tukunyar. Zoɓo mai kanwa ya fi saurin lalacewa. Wasu kuma suna dafa shi da kauri, ya huce, sannan su tsinka da ruwan da ba a tafasa ba, ko su markaɗa ɗanyar abarba da kokwamba su juye. Ɓawon abarba cike yake da yis, har a Meziko da shi ake tayar da wani abin sha mai ɗan ƙarfi. In kina son ƙamshinsa, wanke shi ki jefa cikin tukunya tare da citta da kanumfari ya dahu da su. Kada kuma a bar zoɓo ya kwana a tukunyar alminiyum, asid yana cin jikinta, ɗanɗanon ƙarfe ya fito.

Dabarar da na fi yarda da ita ita ce a raba zoɓo da sukarinsa. A dafa mai kauri, a tace da zafinsa cikin kwalbar gilashi da aka wanke da tafasasshen ruwa, a rufe, kada a sa sukari. Yis bai da abinci sosai a ciki, don haka zai jira ki. Idan za a sha sai a ɗiba, a tsinka, a zaƙaƙa da sukari ko zuma ko mazarƙwaila. Wanda aka riga aka zaƙaƙa kwana ɗaya zuwa biyu yake yi a waje, a firij mai samun wuta kuma ya doshi mako. Busasshen furen kuwa yana yin watanni a buhu muddin bai ji danshi ba, saboda haka za ki iya saye da kaka lokacin da yake da araha. Ba ƙaramin kaya ba ne a duniya, don daga Jigawa da Kano da maƙwabtansu ake lodinsa zuwa Meziko, a Masar da Sudan ana ce masa karkade, a Senegal bisaf. Bincike ya nuna yana ɗan sauke hawan jini, shi ya sa mai shan maganin hawan jini da mai juna biyu ya kamata su ji ta bakin likita kafin su mayar da shi ruwan sha na kullum.

Inda zoɓo ya gaza shi ne ba ya riƙe ciki. Ruwa ne mai launi da tsami, duk ƙarfin da ke cikinsa na sukarin da aka zuba ne. Ga mai son gwaninta kuma, cikin 'yan makonni za ta gama sanin kansa. Za ki yi ta sauya kayan ƙamshi, kimba yau, na'a-na'a gobe, amma aikin ɗaya ne.

Kunun zaƙi shi ne na masu son aiki mai zurfi, kuma shi ne ya fi kusa da sana'ar masu giya ta fuskar ilimi. Ana jiƙa gero ko dawa kwana ɗaya ko biyu, a wanke, a markaɗa da citta da kanumfari da masoro, wasu har da ɗan barkono. Sai a raba ƙullin biyu, babba da ƙarami. Babban a sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri kamar koko. Ƙaramin a bar shi ɗanye, a haɗa shi da markaɗaɗɗen dankalin Hausa ko tsiron hatsi. A Kebbi, inda shinkafa take ko'ina daga fadamun Argungu zuwa Suru da Yawuri, tsiron shanshera yana da sauƙin samu, kuma yana aiki sosai. Idan babban ya ɗan huce sai a juye ƙaramin a ciki, a juya, a rufe ya kwana. Da safe za a tarar kaurin ya saki, ya tsinke, zaƙi ya fito ba tare da an sa ko cokali ɗaya na sukari ba.

Abin da ya faru cikin dare shi ne, tsiro da ɗanyen dankali suna ɗauke da wani sinadari mai yanka sitaci ya mayar da shi sukari. Wannan sinadari yana da zafin da yake so, tsakanin digiri 60 da 70. In kika juye ɗanyen ƙulli alhali kunun yana tafarfasa, kin kashe shi, gobe ki tarar da kunu mai kauri salam. In kika bari ya huce sarai, aikin zai yi nawa, tsami ya riga zaƙi isowa. Tsofaffi da yatsa suke aunawa: tururi ya lafa, amma yatsa ba ya iya daɗewa a ciki. Ma'aunin zafi na kicin ba shi da tsada, kuma wadda take son kununta ya fito iri ɗaya kullum ta saye shi ba za ta yi nadama ba.

Wannan mataki na mayar da hatsi ruwan zaƙi da tsiro, shi ne ainihin matakin farko a kamfanin giya, sai dai su da sha'ir suke yi, ko da dawa a nan Najeriya. Haka ma burkutu, wanda wasu al'ummomin kudancin Kebbi, wajen ƙasar Zuru, suka gada tun kaka da kakanni, daga tsiron dawa yake farawa. Inda hanya ta rabu shi ne mai burkutu yana barin yis ya yi kwanaki yana cin zaƙin da gangan, mai kunun zaƙi kuwa tana tacewa da safe a shanye a ranar. Ba ina cewa kunun zaƙi yana da shubuha ba ne. Abincinmu ne na halal tun fil azal. Ina cewa ne wadda ta zaɓe shi ta san agogo take tsere da shi. Akwai ɗanyen ƙulli a cikinsa wanda bai ga wuta ba, ƙwayoyinsa da ransu, ga zaƙi an shimfiɗa musu. A lokacin zafi, wanda aka tace da hantsi kafin la'asar ya fara sauya baki, washegari kuma gorar ta yi tauri. Ko a firij tsamin yana ci gaba, a hankali dai. Ana iya tsawaita kwanansa ta hanyar ɗumama shi bayan tata, a riƙe shi wajen digiri 65 na rabin awa ana juyawa, dabarar da Louis Pasteur na Faransa ya fito da ita a shekarun 1860, kuma abin dariya don ceton giyar inabi daga lalacewa ya ƙirƙiro ta. Sai dai in zafin ya wuce haka ragowar sitacin zai dahu, kunun ya koma koko.

Ladan wahalar shi ne kunun zaƙi abinci ne. Yana riƙe cikin yaro da manomi da mai shayarwa, kayansa a rumbu suke, kuma tiya ɗaya ta gero tana cika babban bokiti. A gidan da ke da baki goma sha, matsalar ajiya ba ta ma tasowa, kafin azahar an ga gindin roba. Da hunturu kuma, da dare kan yi sanyi sosai, yana da sauƙin sha'ani, sai dai a nannaɗe mazubin da bargo don kada ya huce da wuri zaƙin ya ƙi fita.

Kunun aya ya fi su daɗi a bakin mutane da yawa, ya fi su tsada, ya kuma fi su rashin haƙuri. Aya tana da mai wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta, ga sitaci, ga sukarinta na halitta. Ruwanta ba shi da tsami ko kaɗan, kusan kamar madarar shanu yake. Sannan a ƙara dabino da kwakwa. Duk wata ƙwayar cuta da ta faɗa ciki ta sami gida, kuma a zafi irin namu wasu bakteriya suna ninka yawansu cikin minti 20 zuwa 30. Ga babbar matsalar: ba a dafa shi. Da ya ji wuta sosai sitacin zai kama, ya zama wani abu mai kauri da ba shi aka nema ba. Aya kuma a cikin ƙasa take girma, da ƙasarta da tsakuwarta take zuwa kasuwa, mai yawa daga yankin Maraɗi. Ke nan abu ne da ya fito daga turɓaya, bai bi ta wuta ba, ba shi da tsamin da zai kare shi.

Saboda haka tsabtarsa ta wuce ta sauran. A tsince ruɓaɓɓu, a wanke har ruwan ya fita fes, a jiƙa ana sauya ruwa, kafin markaɗe a ɗauraye da ruwan zafi. Injin unguwa da ya gama niƙa waken ƙosai da tattasai ba wurin aya ba ne sai an wanke shi a gabanki, bilenda ta gida ta fi. Ruwan tata ya zama tafasasshe da ya huce, daga mataci kuma sai cikin ƙanƙara. Awa kaɗan a waje sun isa ya tsinke, ya yi yauƙi, ya fara wari. A Balensiya ta ƙasar Sifen, inda suke da nasu kunun ayar da suka shahara da shi, dab da daskarewa suke ajiye ɗanyen, duk da haka cikin 'yan kwanaki suke shanye shi. Idan gidanku wuta sai ta ga dama, kuma babu sola ko mai sayar da ƙanƙara a kusa, ki yi kunun aya daidai na zama ɗaya kawai. Zancen da ake yi na ƙarin kuzari ga maigida ya taimaki kasuwarsa ƙwarai, amma ba ya hana shi lalacewa.

Akwai na huɗu da ake mantawa, ruwan tsamiya da citta. Asid ɗin da ke cikin tsamiya irin na inabi ne, kuma a wajen juriya tana layi ɗaya da zoɓo, muddin an tafasa. Duk abin da na faɗa a kan zoɓo ya hau kanta. Wadda kuma abin da ke burge ta shi ne ganin abu ya juya da kansa cikin dare, ta gwada kindirmo: a tafasa madara, ta huce zuwa ɗumi, a sa cokalin na jiya, a rufe. Bakteriyar tsami ce ke aikin, ba yis ba.

Idan niyyar ta wuce sha'awa zuwa 'yar sana'a, lissafin yana ƙara karkata wajen zoɓo. Wanda bai ƙare yau ba yana iya kaiwa gobe a cikin kula, jarinsa kaɗan ne, asararsa kaɗan. Kunun zaƙi yana son ciniki tabbatacce, bakin makaranta, tasha, ko ranar kasuwa irin ta Jega ko Talatar Mafara, inda kin san kafin yamma ya ƙare. Kunun aya ribarsa a kowace gora ta fi, amma rana ɗaya ta rashin ƙanƙara tana cinye ribar kwanaki, don haka ya fi dacewa da oda: biki, suna, buɗa-baki. Azumin 2024 da na 2025 duk sun ratsa watan Maris, kuma masu wannan sana'a sun san yadda kunun da aka haɗa da hantsi yake kasancewa kafin a kira magariba.

Abu biyu game da sayarwa. Hodar hana lalacewa da ake sayarwa a shagunan kayan kek, mai suna sodiyam benzowet, a cikin abu mai tsami kawai take aiki. Tana iya taimakon zoɓo, amma zuba ta a kunun aya asarar kuɗi ce, kuma ko a zoɓon tana da ƙa'idar awo, ba da ido ake zubawa ba. Duk mai son ya manna suna a gora ya kai shaguna, sai ya bi ta hukumar NAFDAC. Na biyu, gorunan da yara ke tsintowa a wuraren biki da tasha. A jihohin da kwalara ke leƙowa da damina, wannan ganganci ne. Robar ruwa ba ta jure tafasasshen ruwa, lanƙwashewa take yi, don haka ba a iya tsabtace ta yadda ya kamata. Sabbin goruna ana sayar da su da dozin, a sa kuɗinsu cikin farashi.

To, wanne za a ɗauka? Wadda ba ta taɓa yi ba, ko ba ta da firij abin dogaro, ta fara da zoɓo ko tsamiya, ta koyi tsabtar mazubi da awon sukari a inda kuskure bai cika kai mutum asibiti ba. Mai babban gida, ko mai son sanin sirrin hatsi da tsiro, kunun zaƙi ne nata, da sharaɗin a shanye a ranar. Kunun aya a bar shi sai an mallaki sanyi. Na san wasu za su ce iyayenmu sun yi duk ukun ba firij ba ma'auni. Gaskiya ne, amma su ba sa ɗurawa a roba su toshe su ajiye, a buɗaɗɗiyar ƙwarya suke yi a shanye nan take, ragowar a ba dabbobi.

Kowanne aka zaɓa, alamomin juyawa ɗaya ne, kuma yara ma ya kamata su san su: gora ta kumbura ta yi tauri, murfi ya yi tsaki da aka buɗe, kumfa na tasowa daga ƙasa, ɗanɗano na tsikarin harshe, ko wari mai kama da na ƙullin da ya wuce lokaci. Wasu sukan ƙara sukari su sake sanyayawa don a rufe tsamin. Wannan ƙara wa yis abinci ne kawai, kuma sanyi ba ya mayar da abin da ya riga ya juya. A zubar, a wanke mazubin da ruwan zafi da sabulu, a kife shi a rana ya bushe kafin a sake amfani da shi.